Kwanon da Babu Ƙashi

Saƙon Inno ya iso tun daren Arfa:
ran uku ga Sallah, kowa da kwanonsa,
a haɗu Ƙofar Rini bayan azahar,
wanda ya zo hannu rabbana shi zai wanke tukwane.

Na san abin da za a kawo.
Ige da dambun nama mai yaji har kunne,
Lubabatu da farfesun kai,
matar Hali da soyen da take ƙirgawa kafin ta rufe,
ta sake ƙirgawa in ta buɗe.
Unguwa duk ƙauri, har matashin kai na warin kitse.

Ni Baffa Jabbi nake tunani.
Bara likita ya raba shi da jan nama,
gwiwa ta kumbura, jini ya hau.
Ya zauna bakin tabarma da kofin ruwan zafi
yana ce wa jikoki ya ƙoshi tun gida.
Na ga maƙogwaronsa na hawa da sauka.

To me zan kai?
Ɗan wake ba ya jiran kowa,
in ya huce sai a jefi kare da shi.
Alale 'yar lallaɓa ce,
kafin keke ya fid da ni ramukan Mabera
ta zama labari.
Fate? Na tuna atamfar da na yi asara wata shekara.
Rama kuma, tsaminta da haƙoran tsoho
ba su ga maciji.
Har dare ina jujjuya tukwane cikin kaina,
ba wadda ta hau murhu.

Da asuba na zaga bayan ɗaki da buta,
zogalen da mahaifiyarmu ta dasa
ya shafo mini goshi da reshe.
Shekara tara ba ta nan,
shi bai fasa tofo ba.

Na tsige, na dafa, na matse ruwan.
Na daka ƙuli, ban bari ya yi laushi ba,
ita haka take so, a ji shi ƙarƙashin haƙori.
Albasar Wurno mai sa hawaye,
tumatir uku, attarugu ɗaya tak,
gishiri abin da yatsa biyu suka ɗauko,
saboda jinin Baffa.

Ige ce ta ɗaga murfi.
"Ganye ranar Sallah?
Mu mun yanka rago, ke kin kawo muna abincinai!"
Dariya har zaure.
Na ajiye kwano can ƙarshen tabarma, kusa da takalma.

Amma kwana uku ana taunar tsoka,
muƙamuƙi ya gaji, ciki ya ɗaure,
kowa na ɓoyewa.
Inno ta miƙa hannu, ta kai baki, ta daɗe ba magana.
"Wanga hannun Saude ne," ta ce.
Tsakar gida ta yi tsit
sai ƙarar cokali.
Ige ta dawo sau uku, wai ɗanɗanawa take.

Kafin in farga, gindin kwano na kallona.
Na kankare saura a ɗan faranti,
na bi gida ina neman wanda na yi dominsa.

Na same shi a zaure, ya ba ƙofa baya,
haƙarƙari nannaɗe a hankici,
leɓe na sheƙi kamar an shafa.
"Ɗiyata, likita bai san Sallah ba."
Ya ajiye ƙashin, ya karɓi farantin,
loma biyu ya tashi da shi.
"Gishiri ya yi kaɗan," ya ce, yana lashe yatsa.
"Baɗi ki zo da babban kwano."

Da magariba na ɗauki kwanona, na ji nauyi.
Ige ta cika shi da nama ban sani ba.
Ta biyo ni har bakin titi tana gyara mayafi,
ta tambaya, ƙasa-ƙasa,
ko reshen zogale na kamawa in an dasa shi da damina.